Yadda Ake Haɗa Ganga a Gida: Daga Ɗanyar Fata Zuwa Kiɗan Farko

Iyaye da malaman firamare sun sha tambayata yadda za a yi wa yaro gangar da za ta daɗe, ba irin ta roba da ake saye a kasuwa ba, wadda ba ta cika mako sai ta tsage. Wasu kuma manya ne masu tsohuwar ganga a kuryar ɗaki, icen na nan lafiya lau, fatar ce ta yage, suna so su san ko za su iya ɗaure ta da kansu. Aikin duk ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. Zan bi ganga mai fuska biyu, wadda ake ratayawa a kafaɗa a kaɗa da makaɗi ko da hannu. Kalangu da kotso da jauje ɗaurinsu ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, su kam a kai wa masu sana'ar.

Ka ware kwana goma zuwa mako biyu. Aikin hannun da ke ciki bai fi na yini biyu ba, sauran duk jira ne, kuma a wurin jiran nan ne yawancin mutane suke ɓata gangarsu.

1. Tara kayan aiki

Za ka buƙaci jikin ganga, da ɗanyar fatar akuya, da igiya, da waya mai kauri ko tsumagiya don yin zobe biyu, da tsumma, da basilla, da zare mai ƙarfi, da wuƙa mai kaifi da wata dakusasshiya, da reza, da samfefa, da bokiti, da tokar itace, da safar hannu ta roba.

Game da kuɗi, farashi na canzawa daga gari zuwa gari, amma tsarinsa ba ya canzawa: icen da masassaƙi ya fafe shi ne mai cin kaso mafi girma, fata na biye, igiya da sauran tarkace kuwa ba su taka kara sun karya ba. In aljihu babu nauyi, a rage a wajen jikin ganga, kada a rage a wajen fata.

2. Zaɓi jikin ganga

Gangar yaro ɗan shekara 4 zuwa 10, faɗin bakinta santimita 15 zuwa 20 ya isa, tsayi kuma 20 zuwa 25. Ta babba, baki 30 zuwa 35, tsayi 40 ko sama da haka. Kada ka yi wa yaro babba da sunan zai girma ya same ta. Nauyi zai hana shi ɗauka, ya jingine ta, shi ke nan an yi asara.

In ice za ka sa, ka je wurin masu sassaƙa turmi da akushi ka ce a fafe maka alilliba, wadda masu yin ganga suke so saboda rashin nauyi da daɗin sassaƙa. Ƙirya ta fi ƙarko amma nauyinta sai babba. Ka tabbata icen ya bushe sarai. Ɗanyen ice yana tsagewa da zarar hunturu ya shigo, kuma yana motsewa, ɗaurin da ka sha wahala a kai ya saki. Wanda ke Kano zai iya leƙa Kasuwar Kurmi ya duba wanda aka riga aka sassaƙa.

In babu halin ice, babban gwangwanin madara ko na tumatir da aka fasa gindinsa zai yi wa yaro, haka ma guntun bututun roba mai kauri irin na magudanar ruwa. Ni na fi son bututun a kan gwangwani, domin ba ya tsatsa, ba ya lotsewa in an ja igiya.

Ko da me ka yi, bakin shi ne abin lura. Ka kife shi a kan daɓen siminti mai santsi ka duba ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. In yana wucewa, bakin bai daidaita ba, sai ka goge tudun da samfefa. Sannan ka kashe kaifin gefen waje ya zama mulmulalle, ka bi shi da yatsa har ka ji babu inda ke kartar ka. A tsakiyar jikin ka huda rami ɗaya mai faɗin fensir don iska ta riƙa fita, in ba haka ba muryar gangar za ta shaƙe.

*Gargaɗi:* bakin gwangwani yana yanka fata, yana yanka yatsan yaro. A buge kaifin da guduma ya kwanta ciki, a naɗe shi da tsumma ko robar tayar keke kafin a ɗora komai a kai. Gwangwanin fenti ko na maganin ƙwari kuwa kada a kusance shi.

3. Sayo fata

Nan ne gangar take samun muryarta, don haka zan ɗan daɗe.

Ɗanyar fata ake nema, wadda ba a jeme ba. Mutane da yawa sukan nufi wurin dukawa su sayo jemammiya mai kyan gani, ja ko baƙa, su ɗaura, su buga, su ji shiru. Jima da bagaruwa tana sa fata ta yi laushi ta zauna a haka har abada, abin da ake so ke nan ga takalmi da jaka. Ganga kuwa tana son fatar da za ta motse ta ƙame idan ta bushe, ita ce ke ɗaure kanta a bakin ice. Saboda haka wurin mahauta za ka, da sassafe, lokacin da ake fiɗa.

Fatar akuya ta fi ta bunsuru, ta fi sirantaka, ba ta da wari sosai, muryarta kuma ta fi fita tar. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, in ka same ta ka more. Fatar rago da ta tunkiya kitse ya yi musu yawa, suna saki, suna saurin yagewa a wurin huji. Ƙirgin sa kuma ya yi kauri ga ƙaramar ganga, sai dai a yanka igiya da shi. Wanda ya yi layya da akuya zai iya amfani da fatar, ko ya kyautar ga mai so. Sayar da ita ne mafi yawan malamai suka hana.

Kafin ka biya, ka ɗaga fatar ka fuskanci rana da ita. Duk inda wuƙar mai fiɗa ta zarme za ka ga wurin ya yi haske fiye da sauran, kamar siririn layi. Duk inda kaska ta ciza ko ƙaya ta karta za ka ga tabo. In waɗannan suna gefe, wajen ciki ko ƙafafu, babu laifi. In suna tsakiyar gadon baya, ajiye ta ka ɗauki wata, domin daga nan za ka yanki fuskar gangar, kuma layin da ido ke gani da ƙyar yau shi ne zai buɗe ranar da fata ta ɗaure. Fata ɗaya ta ishi gangar yaro fuska biyu. Ta babba sai biyu.

*Gargaɗi mai muhimmanci:* kada ka taɓa fatar mushe ko ta dabbar da ta mutu farat ɗaya ba a san dalili ba, ko da kyauta aka ba ka. Ƙwayar cutar antiraks, wata muguwar cutar dabbobi da ke kama mutum, tana zama a busasshiyar fata shekara da shekaru. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York ya kamu da ita daga fatun da yake gyarawa, kuma a watan Yulin 2023 hukumomin Najeriya sun tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja. Ka sayi fatar dabbar da aka yanka lafiyayya a mayanka, ka sa safar hannu, in kana da ciwo a hannu ka bari ya warke tukuna. Wannan mataki da na gaba ba na yara ba ne.

4. Gyara fatar

Ranar da ka sayo ta, ranar za ka fara. Fata ba ta kwana a leda, musamman da bazara.

Shimfiɗa ta a kan gungume ko turmin da aka kwantar, gashi a ƙasa. Da dakusasshiyar wuƙa ka kankare sauran nama da kitse da yanar da ke manne, kana turawa gaba, ba kana yanka ba. Duk kitsen da ka bari zai ruɓe ya yi wari ya jawo ƙwari.

Sai cire gashi. Dama tokar itace da ruwa a bokiti ta yi kaurin kunu, ka nutsa fatar, ka danne da dutse. Kullum safe da yamma ka juya ta. Daga kwana na biyu ka fara gwadawa: tura gashin da babban yatsa, in ya zame ba gardama, ta yi. Da zafi kwana biyu zuwa uku sukan isa, da sanyi takan kai huɗu ko biyar. Kada ka ƙara mata kwana don neman tabbaci, toka tana cin fatar kanta in ta daɗe. Fito da ita ka tuje gashin da bayan wuƙa, daga wuya zuwa wutsiya.

Daga nan wanki. A sauya ruwa sau da yawa har santsin tokar ya fita, sannan a jiƙa ta na 'yan sa'o'i a ruwan da aka ɗan zuba ruwan tsamiya, domin tsami yana kashe ragowar ƙarfin toka. A sake ɗauraye ta. Wanda ba ya son wannan wahala zai iya barin gashin, ya ɗaura fatar a haka, bayan ta bushe ya aske fuskar da reza a hankali. Hanya ce mai kyau, sai dai hannun da bai saba ba yakan yi wa fatar rauni.

In ba a ranar za ka ɗaura ba, ka miƙe ta a kan allo ko ƙasa mai tsabta, ka kafe gefunan da ƙusoshi, ta bushe a inuwa mai iska. Busasshiya tana ajiyuwa watanni. Ranar aiki sai a jiƙa ta a ruwan sanyi tun daga dare zuwa safiya.

*Gargaɗi:* ruwan sanyi kawai. Ruwan zafi dafa fata yake yi, ta kumbura ta koma ganda, kuma babu gyara bayan haka. In gishiri aka barbaɗa mata a mayanka, a wanke shi tas, domin gishiri yana jawo laima, gangar za ta riƙa saki duk damina.

5. Yi zobe, yanka fuska

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a huda fata kawai a zura igiya. Ranar farko za ta yi kyau, amma ja ɗaya mai ƙarfi hujin zai tsage ya fita. Masu sana'ar suna naɗe gefen fatar a jikin zobe, sai nauyin ja ya hau kan zoben, ya rarrabu ko'ina.

Lanƙwasa waya mai kauri ko ɗanyar tsumagiya ta zama zobe wanda ya ɗan fi bakin gangar faɗi, yadda zai shiga ya sauka da sarari kamar kaurin ɗan yatsa a kewaye. Ɗaure mahaɗar da kyau, ka naɗe zoben duka da tsumma don kada tsatsa ko kaifi ya taɓa fata. Biyu za ka yi.

Shimfiɗa jiƙaƙƙiyar fatar, ka ɗora zoben yadda layin gadon baya zai ratsa ta tsakiyarsa. Fata ta fi kauri a wannan layi, in ya karkata gefe ɗaya, gefen zai fi ɗayan tauri, sauti ya rabu biyu. Zana da'ira da gawayi, ka bar rarar santimita 5 zuwa 6 bayan zoben a kowane ɓangare, sannan ka yanka. Gara rara ta yi yawa a datse daga baya.

6. Ɗinki da huji

Ɓangaren da gashi yake shi ne waje, shi ake kaɗawa. Kife fatar, ɗora zoben a ɓangaren nama, ka naɗo rarar ta lulluɓe shi, ka ɗinke da basilla da zare mai ƙarfi. Fara da kama wurare huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, sannan ka cike tsakani, kana rarraba tattarar daidai. Kada ka ja fatar ta miƙe a cikin zoben, ka bar ta da ɗan saki, domin sai ta sauka a bakin ganga zoben ya zauna ƙasa da bakin da kamar santimita 2 zuwa 3.

Yanzu huda ramukan igiya, dab da zoben ta ciki, yadda igiya za ta rungumi zoben. Gangar yaro huji 12 a kowace fuska, ta babba 16 zuwa 20. Adadin sama da na ƙasa dole su zo ɗaya, tazara kuma daidai. A auna da zare a sa alama kafin a huda, kada a yi da ka.

7. Ɗauri

Lissafin igiya ba wuya. Huji 12 sama da 12 ƙasa na nufin igiya za ta yi zirya sau 24. In tsakanin zobe da zobe santimita 20 ne, ka ci mita 4.8, ka ƙara na ƙulli da na riƙo, ka sayi mita 6 ko 7. Igiyar nailan siririya wadda ba ta talewa ta fi sauƙi ga sabon hannu. Tsirkiyar fata ta fi kyan gani, ita ce ta gargajiya, amma sai an jiƙa ta, kuma tana saki da damina.

Ajiye fuska ɗaya a ƙasa, ɗora jikin gangar, kifa ɗaya fuskar a sama. Juya ta yadda kowane hujin sama zai faɗa tsakanin huji biyu na ƙasa. Kama wurare huɗu da guntayen zare na wucin gadi don kada komai ya goce. Sai ka fara zura igiya, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har ka zagayo, ba tare da ka ja ba ko kaɗan.

Ja kuwa zagaye uku ake yi. Na farko ka kwashe saki kawai. Na biyu ka ɗan matsa, kana duban zoben biyu daga gefe: in wani ɓangare ya fi sauka, sassauta shi ka ja na kishiyarsa. Na uku ne za ka ɗaure, ka ƙulle. A samu wani ya riƙe maka gangar, nan yaron da ake yi wa zai iya shigowa, ya riƙa miƙo bakin igiya yana ganin yadda abinsa ke haɗuwa.

*Gargaɗi:* jiƙaƙƙiyar fata ba a ja mata iya ƙarfi. Danna tsakiyar da babban yatsa, ya kamata ta ɗan lotsa kamar rabin santimita. Sauran ɗaurin ita za ta yi da kanta in tana bushewa. In ka ɗaure ta tamau tun tana jiƙe, ko dai ta tsage da tsakar dare, ko ta lotsa gwangwanin. In fatar ta fara bushewa kana cikin aiki, shafa mata ruwa da tsumma.

8. Busarwa

Rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, yadda fuska biyun za su sha iska daidai, nesa da kare da ɓera. Kwana uku zuwa huɗu da rani, mako guda da damina. Ban da rana, ban da gefen murhu, ban da gwada kiɗa. Na san yaro zai dame ka da "Baba, ta yi?" safe da yamma, amma bugu ɗaya a kan fatar da ba ta gama ƙamewa ba yana barin kwarmin da ba ya tashi. Wurin da ya fi daɗewa bai bushe ba shi ne cikin naɗin zobe, can za ka taɓa ka ji, ba tsakiya ba. In can ya yi tauri, babu sanyi-sanyi, ta yi. Sai ka datse rarar fata da reza, ka bi fuskar da samfefa mai laushi sama-sama.

9. Makaɗi da maratayi

Sari ɗanyen reshe mai kaurin yatsa, ka lanƙwasa kansa, ka ɗaure da igiya ya bushe a haka. Mulmule bakin, ka naɗe shi da guntun fata ko tsumma. Makaɗi mai tsini shi ne ajalin fata. Ga yaro ƙasa da shekara biyar ni ban ga amfanin makaɗi ba, tafin hannunsa ya isa, kuma idon ƙaninsa ya tsira.

Maratayi a yi shi da ƙyalle mai faɗi, a ɗaura a jikin zoben biyu, a auna yadda gangar za ta tsaya a ƙugu. A kafaɗa ake saɓa shi ya ratsa ƙirji, kada a bar ƙaramin yaro ya rataya a wuya.

10. Gyaran murya

Buga tsakiya, sannan ka zagaya gefe kana ƙwanƙwasawa da yatsa dab da kowane huji. Inda ka ji muryar ta faɗi, igiyar wurin ce ta saki. In duk gangar ce ta yi ƙasa, ba sai ka kwance ba: samo wata igiya ka yi mata ɗamara a tsakiya, kana haɗa igiyoyi biyu-biyu kana matse su. Kowane matsi yana ɗaga murya. Ka tsaya da zarar ta fara amsawa da ƙara mai tsawo.

Mai son zizar nan da ake ji a gangunan fada da na noma, sai ya gitta siririyar tsirkiya a kan fuska ɗaya, ta kwanta a jikin fatar ba tare da an matse ta sosai ba.

Na ƙananan yara

Ɗan shekara biyu ko uku caki ya fi masa ganga. Samo ƙaramin gora mai wuya, a fafe, a wanke ɗacin cikin, a shanya, a zuba tsakuwa ko masara 'yar kaɗan, a toshe bakin da ice da gam. Ka girgiza da ƙarfi, ka buga a ƙasa ka ga ko toshiyar za ta fita, domin abin da ke ciki in ya zubo baki zai nufa. Gora in ya tsage a jefar. 'Yan mata masu son shantu ko kiɗan ƙwarya kuwa ba su buƙatar fata sam: ƙwarya a kife a kan tsumma ko a kan ruwa cikin babbar roba ta wadatar, sai dai babba ya tsaya a wurin in da ruwa, kuma a zubar da shi da an gama. Kowane iri ne, a hana yara kaɗawa dab da kunnen juna ko na jariri.

Ajiya

Da damina fata takan saki. Kafin kiɗa a ajiye gangar a rana na minti goma zuwa sha biyar, ana taɓawa, za ta dawo. Makaɗa sukan gasa tasu a gefen wuta, amma su sun san tazarar da hannunsu, yaro bai sani ba. Da hunturu kuma akasin haka ne, fata takan ɗaure fiye da kima, sai a sassauta ɗamarar, a sa gangar a buhun yadi, ba leda ba. A shafa ɗan man kaɗanya a jikin ice da tsirkiyar fata, fuskar kuwa abin da ya rage a tafin hannu ya ishe ta, mai da yawa yana kashe murya. A rataye ta a bango, kada a bar ta a ƙasa inda gara da laima suke, kuma kada a zauna a kanta.

In watan azumi ake hari, don yara su fita tashe da ita daga goma ga wata, a sayi fatar tun tsakiyar Sha'aban. Ƙaramin huji a gefen fuska ana iya lallaɓa shi da facin fata da gam ta ciki, amma tsagar da ta kai tsakiya ba ta ɗinkuwa: kwance igiyar, jiƙa tsohuwar fuskar ka ciro zoben, ka koma mataki na 3.